Cin abinci a ƙaramin shagon ƴan Sin: abin da za ka duba kafin ka ce a zuba maka

Abincin ƙaramin shagon ƴan Sin yana da araha, yana fitowa cikin minti biyar, yana kuma riƙe ciki. Shi ya sa Damagarawa da yawa ke faɗawa gare shi, ko a Yamai, ko a Kwatano da Lome, ko can Guangzhou da Yiwu inda ƴan kasuwarmu ke zuwa saro kaya ta jirgin Habasha. A nan gida ma, tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut a ƙarshen 2011, ɗan Sin da girkinsa sun daina zama abin kallo. Sai dai abin da zai hana Musulmi cin wannan abinci ba ya cika fitowa fili a kan faranti. Yana cikin kasko, yana cikin tukunyar romo, yana cikin robar da aka jiƙa nama tun da safe. Don haka shago ake fara zaɓa, abinci ya biyo baya.

Yadda ake girkin, da inda haram ke shiga

Kuku a irin wannan shago yana aiki da kasko ɗaya ko biyu, mai zurfi, a kan wuta mai ƙarfi. Yana gama faranti ɗaya sai ya watsa wa kaskon ruwa, ya share da buroshin gora, ya zuba mai ya ɗora na gaba. Ba sabulu, ba jira. Kusa da hannunsa akwai tukunyar mai, wanda ake tsoma nama a ciki a tsame kafin a soya shi da kayan lambu, man kuma ya koma tukunyarsa ta matata. Naman alade na wancan tebur da kazarka duk ta cikin man nan suka bi.

Bayan mai akwai romo. Yawancin ƙananan shaguna suna ɗora babbar tukunya tun da asuba, da ƙashin alade da na kaza, daga cikinta ake ɗibar ludayi ɗaya a tsarma miya, a jiƙa taliya, a yayyafa wa ganye. Farantin ganye zalla, wanda ido ke gani kamar ba ruwansa, sau da yawa da wannan romon aka ƙarasa shi, ko kuma da cokalin kitsen alade, don masu girkin kudancin Sin suna son ƙamshin da kitsen ke ba ganye da shinkafa.

Na uku ita ce giyar girki, wadda ake yi da shinkafa. Wadda ta fi suna ita ce ta garin Shaoxing. Ba a cikin kasko kaɗai ake zuba ta ba. Laushin nan na naman ƴan Sin, wanda ke sa mutum ya yi mamakin yadda naman sa ya zama haka, yana zuwa ne daga jiƙon da aka yi masa tun kafin a buɗe shago: garin sitaci, miyar waken suya (baƙar miyar nan mai gishiri ta kwalba), ɗan mai, wani lokaci farin ƙwai ko bakin soda, sai giyar girki don kashe ƙarni. Idan ka ce kada a sa maka giya, kuku zai iya amsa maka da zuciya ɗaya, ya kuma cika alkawari a bakin kasko, alhali naman ya riga ya kwana cikinta. Roƙo ba ya gyara wannan.

Ga kuma maganar yanka. Naman sa da kaza a shagon da ba na Musulmi ba, ba yankan Musulmi ba ne, ko da ba a haɗa shi da komai ba.

A ƙasar Sin: nemi haruffa biyu

Sauƙin da Allah ya kawo shi ne Sin na da Musulmi miliyoyi, ƴan ƙabilar Hui da Uygur da wasunsu, kuma sana'ar abinci tasu ce tun kaka da kakanni. Alamar shagonsu haruffa biyu ne, 清真, ana faɗin "cing-jan". Ɗauki hotonsu a waya tun kana Damagaram. Allon shagon yakan zama kore, mai tsaron kanta yakan sa farar hula, matar gidan da ɗankwali. Kada ka dogara ga rubutun Larabci, don a shekarun baya an cire shi daga allunan shaguna da yawa; haruffan nan biyu su suka rage.

Wanda za ka fi cin karo da shi shi ne shagon taliyar Lanzhou. Kusan kowace unguwa a manyan birane tana da nata, kuma da yawa daga masu su mutanen lardin Qinghai ne. A gabanka ake ja da kwaɓin alkama da hannu, a ninka, a sake ja, har ya zama zare, a jefa cikin tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, a tsame a zuba romon naman sa, da yankan farin radish, da albasa mai lawashi, da man barkono. Kwano ɗaya yakan kama yuwan 12 zuwa 20. Da yake yuwan ɗaya a ƴan shekarun nan yana yawo tsakanin sefa 75 da 90, ka ce jaka ɗaya zuwa jaka ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Naman da ke kai ƴan siraran yanka ne, ba zai ishi wanda ya saba da balangu ba; ana biyan ƙari a ƙaro nama ko dafaffen ƙwai. A bango akwai hotunan sauran abinci da farashinsu: soyayyar taliya, shinkafa da miyar naman sa da dankalin turawa, ƙwai da tumatir. Nuna da yatsa ya wadatar.

Shagunan mutanen Xinjiang sun ɗan fi tsada, amma su suka fi kusa da bakinmu. Suna da tsiren rago da barkono da kumin, da gurasar tanderu, da dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago, da wani babban farantin kaza da dankali da tattasai da ake shimfiɗa wa taliya mai faɗi, wanda ke isar mutum uku. A nan sai a ƙara kula da abu ɗaya: wasu daga cikinsu suna sayar da giya duk da alamar da ke ƙofa, wasu masu girkin kuma suna zuba ta cikin farantin kazar nan. Idan ka ga kwalabe a firji, tambaya. Shagon da ya manna takarda cewa an hana shigowa da giya da abincin waje, wannan ya fi kwantar da hankali.

A Guangzhou, unguwar Xiaobei, wadda ke kan layin jirgin ƙasa na 5, cike take da irin waɗannan shaguna, haka ma kewayen masallatai. Wahalar tana farawa ne ranar da aka tafi masana'anta a bayan gari. Ran nan ka ci ka ƙoshi kafin ka fita, ka saka gurasa da dabino a jaka. In ba haka ba, nemi gidan cin ganye na mabiya addinin Buda, mai alamar 素食, inda ba a shigar da nama ko kitsen dabba. Akwai kuma wasu ƙananan shaguna masu araha ƙwarai da ake kira Shaxian, suna ko'ina. Kusan duk abin da ke cikinsu da alade aka yi shi, wuce su.

Karanta takardar abinci

Ka'ida ɗaya ta fi kowace muhimmanci. A shagon da ba na Musulmi ba, idan aka rubuta 肉, wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, to na alade ne. Sauran dabbobi sai an ambace su: 牛 sa, 羊 rago ko akuya, 鸡 kaza, 鱼 kifi, 蛋 ƙwai. Alade kansa 猪 ne, kitsensa 猪油, giyar girki 料酒. Akwai kuma sunaye da ba su ɗauke da harafin alade alhali shi ne: 排骨 haƙarƙari, 火腿 naman cinya mai gishiri, 叉烧 gasasshen nama mai jan baki.

Wasu farantai sunansu ma yaudara ne. Awarar Sichuan mai yaji, wadda ake kira mapo, akan barbaɗa mata niƙaƙƙen nama, galibi na alade. Gautan turawa (aubergine) da ake ce wa "mai ƙamshin kifi" ba kifi a cikinsa, alade ne. Soyayyen koren wake haka. Soyayyar shinkafa irin ta Yangzhou, ƴan jajayen gutsattsarin da ke cikinta ba karas ba ne duka. In kuma ka ga wata awara mai launin hanta, santsi, tana rawa a cokali, ba awara ba ce, daskararren jinin agwagwa ne ko na alade. Ko a gidan burodi, wani abu mai kama da auduga ruwan ƙasa da ake barbaɗawa a kan burodi busasshen naman alade ne.

Kada ka wahalar da kanka da furta waɗannan kalmomi. Harshensu na hawa da saukar murya ne, kuskure kaɗan sai ma'ana ta sauya. A rubuta maka jimla ɗaya, cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade da kitsensa da giya, ka adana ta a matsayin hoto. Manhajar fassara kuma a sauke ta yadda za ta yi aiki ba intanet tun kafin a tashi, don Google da WhatsApp a toshe suke a can. Ƴan kalmomin da baki zai iya ɗauka su ne "bu la" in ba ka son yaji, "wei la" in kaɗan kake so, da "da-bau" in kana so a ƙulla maka ka tafi da shi. Wanda ya saba da yajin tsire kada ya yi cika baki da abincin Sichuan: ban da barkono, suna sa wasu ƴaƴan itace da ke sa leɓe da harshe su yi sanyi su dinga zir-zir na ƴan mintoci. Ba guba ba ce, amma mai sabon shiga yakan tsorata.

A Yamai, Kwatano da Lome

A nan takardar da Faransanci take, masu kai abinci kuma namu ne, sau da yawa har mataimakan kuku. Wannan dama ce, a yi amfani da ita. Kira yaron gefe, ka ce masa: "Ƙanena, tsakaninka da Allah, ana dafa alade a gidan nan? Kasko ɗaya ne? Naman daga mahautan gari ake sayowa?" Yawanci zai gaya maka gaskiya, har ya nuna maka abin da shi yake ci. Tambayar mai shago kai tsaye ba ta cika amfani ba, ba don ƙarya ba, sai don shi abin da ya fahimta da "ba alade" shi ne ba tsokar alade a faranti.

Kalmomin da za a guje wa su ne porc, jambon, lardons da saindoux. Riz cantonais, wanda kowa ke fara nema, asalin haɗinsa shinkafa ne da ƙwai da koren wake da jambon; sai ka tabbatar na kaza ko na sa aka sa, ko a cire shi ɗungum. Nem kuwa, soyayyen naɗin nan mai haɗi a ciki, wanda asalinsa ma na Biyetnam ne, cikinsa na gargajiya alade ne da kaguwa ko jatan lande. A garuruwan Musulmi an fi cika shi da naman sa ko kaza, amma tunda a naɗe yake ba ka gani, kuma cikin mai ɗaya ake soya kowane iri.

Saura miyar waken suya, baƙar nan mai gishiri. Wadda aka yi ta hanyar tsimawa tana ɗauke da ɗan barasa kaɗan da ke fitowa daga tsimin kansa, malamai kuma sun yi sabani a kanta. Akwai kwalabe masu hatimin halal. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi ganin kwalbar, ko ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya.

Nawa za a saya

Mutum ɗaya, kwanon taliya ɗaya ko shinkafa da miya a kai ya ishe shi. Idan kuna da yawa, lissafin ƴan Sin shi ne faranti ɗaya ga kowane mutum, a jera a tsakiya kowa ya ɗiba, shinkafa kuma kowa da ɗan kwanonsa, ana biyan ta daban. Mutum huɗu: nama ɗaya, kaza ko kifi ɗaya, ƙwai da tumatir, ganye ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya nemi soyayyar shinkafa sannan a ƙara soyayyar taliya, a tashi da ciki cike da sitaci da mai, ba abin da aka ɗanɗana. Farar shinkafa ta fi dacewa da miya mai gishiri, ita ce kuma abu ɗaya a shagon da ba ta bi ta kasko ba.

Je lokacin da suke ci, wajen 11:30 zuwa 1 na rana, da 5:30 zuwa 7:30 na yamma. Lokacin nan wuta ba ta mutuwa, kaya ba sa zama. Shagon da ke jera dafaffen abinci a tire, in ka je ƙarfe uku, abin da ya saura tun rana za a ɗumama maka. Ba a ba da tukuici a Sin. Amma za ka iya ganin an ƙara yuwan ɗaya ko biyu na kwanukan da aka naɗe da leda, ko na robar ɗaukar abinci. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake. Yawancin mutane da manhajar waya ta WeChat ko Alipay suke biya, kuɗin hannu na karɓuwa amma canji kan yi wuya, don haka riƙe ƙananan takardu. In tsinkayen cin abinci sun gagare ka, nemi cokali, ba abin kunya ba ne. Abin da ba sa so shi ne a kafa tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, saboda mamaci suke yi wa haka. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa, shi ya sa za a miƙo maka ruwan zafi ko shayi.

Mai hawan jini ya yi hattara. Babban cokali ɗaya na miyar waken suya yana ɗauke da sodiyam kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce miligiram 2,000 a yini, wato gishiri giram 5. Ci taliyar, bar romon a kwano, kada kuma ka ƙara miya daga kwalbar da ke kan tebur. Farin magi da ake ta tsoratar da mutane da shi, shi ne dai wanda ke cikin dunƙulen da ake sa wa miya a gidajenmu. Wanda jikinsa ba ya karɓar gujiya, riɗi, jatan lande ko alkama, shi ne ke da babban aiki, don ana suya da man gujiya, ana ƙarasawa da man riɗi, miyar waken suya da alkama ake yin ta, akwai kuma wata miya mai kauri da ake yi da kawa ta teku wadda ke shiga kusan kowace suya.

Ɗauka a kai gida

Abincin kasko na minti goma ne; daga nan sai ya fara lalacewa. Taliya mai romo a ce a raba, romo daban taliya daban, in ba haka ba kafin ka isa ta sha ruwa ta kumbura ta zama kunu. Nem da duk abin da aka soya ya yi ƙarau, a bar murfinsa a ɗan buɗe ko a huda shi, don tururi ne ke sa shi laushi. Miya mai zaƙi da tsami a ƙulla ta gefe. In da hali tafi da kularka, ta fi siririyar leda da ake zuba wa abu mai zafi da maiƙo. A kan kabu-kabu, riƙe robar a kwance a hannu. Rataye ta a ƙahon babur shi ke sa miya ta tsiyaye.

Shinkafa ce ke da haɗari, musamman a zafin Damagaram na watan Afirilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ɗanyar shinkafa tana ɗauke da ƙwayoyin wata cuta da ake kira Bacillus cereus, waɗanda dafuwa ba ta kashewa. In dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi, sai su farka su hayayyafa su zubar da dafi, dafin kuma ɗumamawa ba ta karya shi, ko an sake soyawa. Soyayyar shinkafa ta fi kowace shiga wannan tarko, saboda da shinkafar da ta huce ake yin ta. Mai shago nagari yana baza ta a tire ta huce da sauri ya saka a firji, marar kula kuma ya bar ta a tukunya a gefen murhu. Alamar cin wannan dafi ita ce amai mai ƙarfi daga rabin awa zuwa awa shida bayan ci. Yawanci yana wucewa cikin yini guda, a dinga shan ruwan gishiri da sukari. Yaro ƙarami, tsoho da mai ciki a kai su likita ba jira.

A irin wannan zafi, awa ɗaya ce iyakar zaman abincin a waje. In ba za a ci nan take ba, a juye shi a faffaɗan kwano ya huce, a saka firji, a ci kafin ya wuce yini ɗaya, a ɗumama sau ɗaya tak. In wuta ta ɗauke ta yi awa huɗu firjin bai dawo ba, a zubar. Masu sayo shi a Yamai su riƙo tsaraba a mota, tafiyar kusan kilomita 900 wadda ke cin yini guda cur, su bari. Kwalbar miyar waken suya da busasshiyar taliya sun fi zama tsaraba.

Wajen ɗumamawa, kasko ya fi. Zuba ƙaramin cokalin mai ya yi zafi, juye shinkafar, yayyafa ruwa babban cokali biyu ga kowane faranti, rufe na minti biyu, sannan a buɗe a yi ta juyawa har tururi ya fito daga tsakiya ba daga gefe kaɗai ba. Nem a mayar da shi busasshen kasko a kan wuta kaɗan, ana juya shi, minti huɗu zuwa biyar. Romon taliya a tafasa shi shi kaɗai, a sauke, sannan a saka taliyar ta yi rabin minti.